Haɗa kaji rukuni uku a ɗaki ɗaya: bayanan aiki daga Nuwamba 2024 zuwa Janairu 2025

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Rukuni uku ne ake son su zama garke ɗaya a babban ɗakin, mai faɗin mita 4 da tsawon mita 5. Manya su 40 ne, Noiler masu mako 10, mata 26, maza 14, kuma su ne ke cikin ɗakin yanzu. Matsakaita su 30, su ma Noiler, masu mako 5, suna ɗakin reno. Ƙanana 16 'yan gida ne, kaji biyu suka ƙyanƙyashe su, an ɗauke su daga iyayen, makonsu 3, suna keji da kaskon gawayi.

An ɗauki goma daga kowane rukuni an ɗora a sikeli. Manya sun ba da giram 1,250 kowacce idan an raba daidai, matsakaita giram 520, ƙanana giram 130. Wannan awon shi zai riƙa faɗin ranar haɗawa, ba lissafin makonni ba. Kaza ba ta san shekara ba, girman jiki take gani. Ƙa'idar da za a bi ita ce sai ƙaramar ta kai kusan kashi biyu cikin uku na nauyin babbar kafin a bar su su cakuɗa ba shinge. Matsakaita za su kai nan wajen farkon Disamba. 'Yan gida kuwa ba za su taɓa kamo Noiler ba, don Noiler kaza ce da kamfanin Amo da ke Awe a jihar Oyo ya fitar domin nama da ƙwai, tana da saurin ƙiba. Saboda haka su ƙanana sai dai a yi musu mafaka da ƙofar da babba ba ta iya shiga.

Akwai wa'adi. Manyan za su fara ƙwai idan sun haura mako 20, wato daga tsakiyar Janairu zuwa gaba. Kaza mai shirin ƙwai ta fi zafin rai, kuma batun abinci yana rikicewa a lokacin. Gara a gama kafin nan.

Daga yau tsarin aikin safe shi ne ƙanana farko, sai matsakaita, manya a ƙarshe, kuma kowane ɗaki da takalminsa a bakin ƙofa. Cuta daga babba take gangarowa kan ƙarami.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

An yanke mita 1.5 daga gefen kudu na ɗakin da ragar waya, ya ba da fili mai murabba'in mita 6. Ragar mai ƙananan idanu ce, rabin inci, an ja ta har rufi, don Noiler mai mako 10 tana tsallake shingen mita ɗaya ba wahala. A ƙasa an kafa falanki an buga ragar a jikinsa. A jikin falankin an yanka ƙofofi uku masu marfi, ɗaya a kowane ƙarshe, ɗaya a tsakiya. Ƙofa ɗaya ba ta isa ba, kaza ɗaya mai faɗa sai ta tsaya a bakinta ta hana kowa wucewa.

Shimfiɗa ɓuntun shinkafa ne, kaurin santimita 8.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Matsakaita sun cika mako 6, an yi musu rigakafin ƙurajen kaji, wanda ake tsira allura mai baki biyu a fatar fiffike. Sun riga sun sha Lasota, rigakafin cutar Newcastle, sau biyu, da rigakafin cutar Gumboro sau biyu. An matso da na ƙurajen ne saboda haɗin da ke tafe: sauro yana yaɗa cutar, amma tana kuma shiga ta ciwo, kuma duk inda aka haɗa baƙin kaji sai an samu ƙwarzane a zanko da fuska. Bayan kwana 7 zuwa 10 za a duba wurin allurar, idan an ga ɗan kumburi ko ɓawo to ta kama.

Ƙanana sun sha Gumboro na biyu. An ɗauke musu ruwa na awa ɗaya da rabi tukuna, aka haɗa maganin da ruwan rijiya, aka tabbatar sun shanye cikin awa biyu. Ruwan famfo mai kuloriin yana kashe rigakafin. Wanda ba shi da wani ruwan sai na famfo, ya zuba garin madara marar maiƙo giram 2 a kowace lita kafin ya fasa kwalbar.

Litinin, 18 ga Nuwamba

An kwashe matsakaita zuwa bayan raga da hantsi, suka samu wuni guda suna koyon inda ruwa da abinci suke kafin duhu. Gashinsu ya rufe jiki har kai, ba sa bukatar wuta. Hunturu ya fara busawa, an rufe tagogin gabas da arewa da buhuna da dare, amma an bar tafin hannu biyu a sama a buɗe. Idan aka toshe ɗaki ruf, warin kashi mai yaji a ido yana taruwa, shi ke jawo mura da kumburin fuska.

An jera mazuban abinci a gefe biyu na ragar suna fuskantar juna, tazarar taki ɗaya daga waya. Manufar ita ce su saba cin abinci suna kallon juna. Manyan sun taru a jikin raga suna miƙa wuya, wasu zakaru suna kai da komowa da fiffike a ƙasa. Matsakaitan sun ja da baya sun manne a bango na kusan awa biyu, yunwa ta fito da su.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

An wayi gari da ɗaya daga matsakaita a ɓangaren manya, ƙeyarta a ɗaye. Ta bi ta ƙarƙashin falanki ne, inda manyan suka tone ɓuntu suna birgima har rami ya buɗe. An cike wurin da bulo biyu.

An wanke ciwon da ruwan gishiri mai ɗumi, aka shafa jibi (GV), shuɗin maganin nan. Amfaninsa biyu ne, yana busar da ciwo kuma yana ɓoye jan jini. Kaza in ta ga ja ba ta bari, ɗaya ta sara, sauran su biyo, kafin azahar sun huda kai. An saka ta a ƙaramin keji cikin ɓangaren 'yan uwanta, suna ganinta ba sa iya taɓa ta. Idan aka kai ta wani ɗaki na mako guda, ranar da ta dawo baƙuwa ce a wurinsu.

Rigakafin ƙuraje ya kama a 28 cikin 30. An sake wa biyun.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Kashin jini a ɓangaren matsakaita. Huɗu sun takure, fiffike a sake, gashi a tashe, ido a lumshe. Kwana 6 ke nan da shigowarsu ɗakin, kuma lissafin ya yi daidai da yadda cutar take: kaza ta haɗiye ƙwayar daga kashin wata, jini ya bayyana tsakanin kwana na 4 da na 6. Manyan sun daɗe da sabawa da irin ƙwayar da ke ɗakinsu, suna zubar da ita a kashi ba tare da ta kwantar da su ba. Ɓuntun da suke watsowa ta raga shi ya kawo ta, kuma ta samu wurin zama a ƙarƙashin mazubin ruwa ɗaya da ke yoyo. Ƙwayar ba ta zama mai kamawa sai ta samu laima da ɗumi na kwana ɗaya zuwa biyu, shi ya sa busasshiyar shimfiɗa ta fi magani aiki.

An kwashe jiƙaƙƙen wurin har ƙasa, an canza mazubin, an ɗora duka mazuban ruwa a kan bulo yadda bakinsu zai yi daidai da bayan kaza. An saka amfuroliyam a ruwan sha na kwana 5 bisa ma'aunin da ke jikin leda. An dakatar da bitamin har a gama. Maganin yana aiki ne ta hanyar hana ƙwayar cutar samun bitamin B1, to in ka zuba bitamin a ruwa ɗaya da shi ka warware masa aiki. Masu kiwo da yawa suna haɗa su don ganin kajin sun yi laushi, sai su ce maganin jabu ne.

An ɗaga ranar buɗe ƙofofi. Kaza marar lafiya ita ake fara sara.

Litinin, 2 ga Disamba

Ɗaya ta mutu ranar 25, sauran sun miƙe. Matsakaita 29 ke nan. An ba su bitamin na kwana 3 bayan gama magani.

Awo: manya giram 1,720, matsakaita giram 1,060. Amma awon manyan ya haɗa da maza. Da aka ware zakaru 14 zuwa rumfar baya don a ƙiwata su a sayar a ƙarshen wata, matan kaɗai sun ba da giram 1,580. Nan take tazarar ta sauko zuwa inda ake so. Cire zakarun ya rage abin da ya fi nauyi ma: zakara mai mako 14 ya fara hawa, kuma in ya danne sagara mai kilo ɗaya yana iya gurɗa mata ƙafa.

Batun abinci. Idan garke ya cakuɗa, kowa abincin mafi ƙanƙanta yake ci. Babba ta ci na ƙarami ba ta cutuwa, aljihu ne kawai ke ji. Matsakaita sun wuce mako 8, don haka ana sauya su daga abincin 'yan tsaki zuwa girowa, abincin kaji masu tasowa, wanda manyan ke ci: kwana biyu kashi ɗaya cikin huɗu, kwana biyu rabi da rabi, kwana biyu kashi uku cikin huɗu. An jinkirta sauyin ne da gangan har ciwon hanjin ya wuce.

Alhamis, 5 ga Disamba

An buɗe ƙofofin uku saura awa ɗaya magariba. Lokacin ya dace saboda cikinsu a cike yake, kuma duhu zai raba faɗan da kansa.

Kafin a buɗe an hargitsa ɓangaren manya. An sauya wa mazubai wuri, an ƙara su daga uku zuwa shida, na ruwa daga biyu zuwa huɗu, an warwatsa su yadda kaza ɗaya ba za ta iya tsare biyu a lokaci guda ba. An jingina falankai biyu a tsakiyar ɗaki, an kifa tsohon kwando mai ƙofa biyu. Abin da wadda ake kora take bukata shi ne ta ɓace wa mai korarta daga gani; da zarar ta sha kwana, yawanci an bar ta. Duk maɓoyar da aka saka tana da mafita ta baya. Lungun da ba ya ɓullewa tarko ne. An kuma rataya damin zogale da ganyen kabeji a igiya, daidai inda sai sun ɗan yi tsalle.

Ga abin da ake bari: sara ɗaya a ka ko a wuya, ƙaramar ta yi ƙara ta kauce, babbar ta koma cin abincinta. Haka suke tsara wa ke gaba da wa, kuma in ka hana su yau, gobe za su fara daga farko. Ga abin da ba a bari: bi da gudu daga bango zuwa bango, kaji uku ko huɗu a kan ɗaya, sara a dubura ko a gindin sabon gashin wutsiya mai jini a ciki, da wadda ta kwanta ta cusa kai a lungu ta daina gudu. Wannan ta ƙarshen a ɗauke ta nan take.

Matsakaita 11 ne suka fito. Da duhu ya fara duk sun koma da kansu.

Litinin, 9 ga Disamba

Kwana uku ana ƙara lokaci, jiya ƙofofin sun wuni a buɗe. Yau an fitar da matsakaita gaba ɗaya, an rufe bayan raga don a gyara wa ƙanana.

Ana yawan cewa a ɗora baƙin kaji a sandar kwana cikin dare, wai da safe sauran ba za su gane ba. Suna ganewa sarai. Dare yana hana faɗa ne na awannin duhu kawai, gari na wayewa a ɗakin da ke kulle ba mai kallo nan ne ake ɓarna. Abin da ya yi aiki a nan shi ne makonni uku na kallon juna ta raga. Duk da haka mai kula da su zai riƙa isa ɗakin kafin haske ya shigo a wannan makon.

An ƙara sandar kwana ta biyu, tsayin santimita 40 daga ƙasa, ta manyan tana santimita 70. An kafa ta nesa da ta farko yadda ta sama ba za ta miƙo baki ta sari ta ƙasa ba, ba kuma za ta yi mata kashi a ka ba. Kowace kaza tana bukatar santimita 15 zuwa 20 na sanda.

Laraba, 11 ga Disamba

Hanyar da ta fi tabbatar da cewa kowa na samun abinci ita ce taɓa maƙoƙo da dare. Da tocila mai rauni ake shiga, a ɗaga kaza a shafa gaban wuyanta ta dama. Wadda ta ci za ka ji shi cike, mai ɗan tauri. An taɓa duka 29, biyar babu komai. Da rana aka zauna aka lura, sai ga dalilin: wata jar sagara cikin manya, ba ma ita ce mafi girma ba, ta ɗauki layin mazuban da ke kusa da ƙofa tana sintiri. Sau da yawa haka ne, wadda ke can ƙasa a cikin manyan ita ta fi tsananta wa baƙi, don ita ce matsayinta ke cikin haɗari.

An cire ta, an kai ta keji inda ba ta ganin garken. A nan ana son ta zama baƙuwa, yadda in ta dawo za ta shagala da neman wurin kanta. An ba biyar ɗin abinci daban da safe.

Asabar, 14 ga Disamba

Daren jiya sanyi ya tsananta. Matsakaita ba su hau sanda ba, suka taru a kusurwar da ke jikin raga, kusa da tsohon makwancinsu, suka hau kan juna. Ta ƙasa ta mutu, babu ciwo a jikinta, numfashi ne ya gagara. Saura 28.

An toshe kusurwoyin ɗakin huɗu da kwali mai kauri da aka lanƙwasa, babu sauran lungu mai tsini. Da magariba ana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya ana jerawa a sandar ƙasa. An bar ƙaramar fitila mai caji tana ci na rabin awa bayan duhu, saboda manyan ne ke fara hawa, su kuma ba sa kusantar sanda sai manyan sun natsu, lokacin kuma ba sa gani.

Litinin, 16 ga Disamba

Jar sagarar ta koma. An ɗan sare ta, ta yi sanyi.

Ƙanana sun shiga bayan raga, mako 9, giram 450, sabon ɓuntu, sun gama sauyawa zuwa girowa. An yi musu na ƙuraje tun 25 ga Nuwamba, kuma duk garken ya sha Lasota tare a makon jiya, don hunturu lokacin cutar Newcastle ne. Irin waɗannan rigakafi cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin su, abin lura dai a saya inda ake ajiye su a firji, a kawo su gida cikin ƙanƙara.

Abu ɗaya ba shi da gyara. Kamfanonin ƙyanƙyasa suna yi wa 'yan tsaki allurar cutar Marek, mai shanye wa kaza ƙafa, ranar da suka fito, 'yan gida ba su samu ba, kuma yin ta yanzu ba shi da amfani. Kazar da aka yi wa allurar tana iya ɗauke da ƙwayar tana zubar da ita a ƙurar gashinta. Raga ba ta tare ƙura. Abin da ake iya yi shi ne jinkirta haɗuwar har su yi ƙwari, wanda aka yi, da sa ido kan wadda ƙafarta ta shanye, ɗaya gaba ɗaya baya. Wanda ke kiwon ɗaruruwa don kasuwa bai kamata ya haɗa irin waɗannan ba sam. Ɗaki ɗaya, kaji sa'annin juna, su shiga tare su fita tare.

Da darasin kashin jini a gaba, an ɗaga falankin ƙasa da wani na santimita 20 don rage ɓuntun da ke tsallakowa, ana kuma duba kashinsu kowace safiya.

Litinin, 23 ga Disamba

Babu jini. An buɗe ƙofofin, amma an buga katako a kowacce an rage faɗinta zuwa santimita 7. Ƙanana na wucewa, sauran ba sa iyawa. Abinci da ruwansu suna ciki, nesa da ƙofa fiye da tsawon wuyan babbar kaza.

Sai an koya musu ƙofar ta ɓangaren dawowa. Fita ba ta ba su wuya, amma in an koro su sai su bi jikin raga suna neman shiga ta ido. An ɗaura buhu a jikin ragar daga ƙasa zuwa gwiwa, ya zama ƙofofin ne kaɗai ke nuna haske, an kuma tura kowanne ta ciki da hannu sau biyu. 'Yan gida sun fi Noiler zafin nama nesa ba kusa ba, babbar ba ta gama juyowa ba sun shige.

Juma'a, 27 ga Disamba

Biyu mafi ƙanƙanta cikin matsakaita suna matsa jiki suna shiga ta ƙofar tsakiya, katakonta ya ɗan karkace ya zama santimita 8 da rabi. A ciki su ne manya, suna huce haushinsu a kan ƙanana. An gyara. Za a riƙa auna ƙofofin kowane mako, don nan gaba ƙananan ma za su buƙaci a ƙara musu.

Litinin, 6 ga Janairu 2025

An fitar da maza 13 daga matsakaita, sun kai mako 14. Garken yanzu 57 ne: 26, da 15, da 16. Ƙanana giram 640, kuma mafi ƙanƙantarsu ba ta gaza giram 560 ba, alamar babu wadda ake hana ci. Tara daga cikinsu suna kwana a sandar ƙasa, sauran suna komawa bayan raga. Ba a tilasta musu ba. An rage mazuban abinci zuwa huɗu, an ba duka maganin tsutsar ciki.

Litinin, 13 ga Janairu

Manya mako 20. Zankon kusan rabinsu ya yi ja ya cika, wasu suna durƙusawa in an kai hannu. An shigo da akwatunan ƙwai shida, an ajiye su a gefen da ya fi duhu, ana toshe su da yamma don kada ƙanana su mai da su makwanci su ɓata su da kashi.

Ba za a sauya zuwa abincin masu ƙwai ba. Kalsiyam ɗin da ke cikinsa ya kai kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari, na girowa kuwa kusan kashi 1 ne. Kaza mai mako 13 ko 15 ba ta da ɓawon ƙwai da za ta zuba shi, sai ya taru ya lalata mata ƙoda. Garken zai ci gaba da girowa, an kuma rataya kwano biyu na dakakken ɓawon kawa daban, tsayin ƙirjin manyan. Mai ƙwai tana neman sa da kanta, wadda ba ta fara ba takan ɗanɗana ta wuce. Za a juya kowa zuwa na masu ƙwai idan ƙanana sun kai mako 18, wajen 17 ga Fabrairu.

An faɗaɗa ƙofofin zuwa santimita 8. Ragar tana nan har ƙarshen wata, daga nan a naɗe ta a wanke a ajiye. Lasota na gaba a farkon Maris, duk garken rana ɗaya.